Ziyara Ƙasar Polan, Inda Ake Ɗinka Wa Jirgin Sama Riga

A wannan watan za mu leƙa ƙasar Polan ne, can tsakiyar nahiyar Turai, wadda Jamus ke yamma da ita, Yukiren da Belarus kuma suke gabas. Wani irin jirgin sama za mu bi sawunsa daga gari zuwa gari, jirgin da ba shi da inji, ba ya shan mai, ba ya ƙara, wanda kafinta ke fara aikinsa, mai allura da zare ya ƙarasa. Bari mu kira shi jirgin shawagi, domin shawagin shi ne kaɗai abin da ya iya.

Daga shekarun 1930 zuwa na 1970 mutanen Polan sun ƙera dubban irin waɗannan jirage da katako da ƙyalle da gam, suka ci gasar duniya da su, suka sayar wa ƙasashe da dama. Yau 'yan kaɗan ne suka rage masu iya tashi, kuma kowannensu akwai wanda ya tsaya a kansa yana kula da shi kamar tsohon gida.

Yaya jirgi ke tashi babu inji?

Ki tuna da shirwa da tsakar rana, yadda take buɗe fukafukanta tana zagaye a wuri ɗaya, ba ta kaɗa su, amma sai ƙara nisa take yi har ta zama ɗigo. Abin da ke faruwa shi ne, rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, ita kuwa iska mai ɗumi sama take yi. Irin ta ce kike gani a 'yar guguwar bazara da ke kwashe ledoji da karmami ta yi sama da su. Shirwa ta san inda wannan iska take, sai ta shiga cikinta ta bar ta ta ɗauke ta.

Dabarar matuƙin jirgin shawagi ke nan. Da farko sai an taimaka masa ya bar ƙasa, ko dai wani ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi da igiya, ko kuma wani inji da ke ƙasa ya nannaɗe doguwar igiyar ƙarfe da gudu, jirgin ya tashi kamar yadda yaro ke gudu da filfilwar takarda. Da ya kai sama sai ya saki igiyar. Daga nan kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, a hankali jirgin ke zamewa yana sauka, sai fa in matuƙin ya sami iskar da ke hawa fiye da yadda shi yake sauka. Irin wannan iska kala uku ce: mai ɗumi da ke tashi daga fili, da wadda ke bugun gefen dutse ta hau, da wadda ke yin toroƙo a bayan manyan duwatsu kamar igiyar ruwa. Kudancin Polan duwatsu ne, tsakiyarta fili, saboda haka duka ukun akwai su.

Bezmiechowa, inda aka fara

Zangonmu na farko wani ƙauye ne mai suna Bezmiechowa, a kusurwar kudu maso gabashin ƙasar, kusa da garin Lesko. Wuri ne na tuddai masu ciyawa da kurmi, ga wani dogon tsauni ya miƙe a saman ƙauyen, iska na bugunsa ta ko'ina. Ɗaliban jami'ar fasaha ta birnin Lwow, wanda a yau yake cikin Yukiren, su suka gano amfaninsa a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma buɗe makarantar koyon shawagi a kansa a farkon shekarun 1930. A lokacin da igiyar roba ake harba jirgin, samari su kama bakinta biyu su gangara da gudu, wasu na riƙe da wutsiyarsa, in robar ta miƙe sai a sake shi, kamar dai yadda yara ke harbi da danƙo. In ya sauka a gindin tsauni, doki ne ke jawo shi ya maido shi sama.

A nan ne wata budurwa mai suna Wanda Modlibowska, wadda ta karanci ilmin haɗa sinadarai, ta tashi ranar 13 ga Mayu 1937 a wani jirgi da ake kira Komar, wato sauro, ba ta sauko ba sai washegari. Awa 24 da minti 14 ta yi tana kai da komo a gefen tsaunin, ita kaɗai a mazaunin da bai fi akwatin kaya faɗi ba, cikin sanyin dare da duhu. Babu macen da ta taɓa daɗewa haka a jirgin shawagi kafin ita. Daga baya, a shekarun 1950, hukumar wasannin jiragen sama ta duniya ta daina karɓar irin wannan bajinta ta daɗewa, saboda barci na sace matuƙa su halaka.

Shekara ɗaya bayan haka, ranar 18 ga Mayu 1938, wani saurayi ɗan shekara 20, Tadeusz Gora, ya tashi daga wannan tsauni a jirgi samfurin PWS-101, ya yi ta bin iska mai ɗumi daga wannan gajimare zuwa wancan, bai sauka ba sai kusa da birnin Wilno, wanda yanzu shi ne babban birnin Lituweniya. Kilomita 577.8 ya ci, kusan nisan Kano zuwa Maiduguri a mota, ba tare da ɗigon mai ba. Ana ba da labarin cewa wurin mahaifiyarsa da ke Wilno ya nufa. Shi ne mutum na farko da aka bai wa lambar yabo ta Lilienthal, wadda ita ce mafi girma a wannan fage. Yanzu jami'ar fasaha ta Rzeszow ce ke tafiyar da makarantar, da sunansa kuma ake kiranta. Har yau in iska ta yi kyau, akan tura jirgi ya gangara kan tayarsa ya tashi da kansa, babu igiya babu inji.

Yaƙi ya cinye kusan komai

Wanda ya ƙera Komar ɗin da Wanda ta hau shi ne Antoni Kocjan, mai wata 'yar masana'anta a Warso, babban birnin ƙasar. Shi ya ƙera Wrona, wato hankaka, da ake fara koya wa ɗalibai da shi, da kuma Orlik, wato ɗan gaggafa. A 1939 an yi gwaji a Italiya don zaɓen jirgin da za a yi gasar Olamfik ta 1940 da shi, Orlik ya shiga, na Jamus ya yi nasara, ita kuwa gasar ma ba a yi ta ba.

Ranar 1 ga Satumba 1939 Jamus ta afka wa Polan daga yamma, ranar 17 ga watan Tarayyar Sobiyet ta shigo daga gabas. Jiragen shawagin ƙasar wasu aka ƙone, wasu aka kwashe. Kocjan ya shiga ƙungiyar 'yan ƙasa masu yaƙin ɓoye, aka kai shi sansanin Auschwitz, ya fito, ya koma ya ci gaba da aiki. Yana cikin waɗanda suka tattara bayanan makaman roka na asiri da Jamus ke ƙerawa, aka aika da su Ingila. An sake kama shi a 1944, aka kashe shi a kurkukun Pawiak na Warso cikin watan Agusta. Ita ma Wanda ta ajiye tuƙi, ta zama mai kai saƙonnin ɓoye. Ta tsira da ranta, sai a 2001 ta rasu.

Orlik guda ɗaya ya tsira, saboda an kai shi baje kolin duniya na birnin New York a 1939, yaƙi ya rutsa da shi a can. Wani Ba'amurke, Paul MacCready, ya ci gasar ƙasarsa da shi a 1948 da 1949. Wannan shi ne gadon da Polan ta tashi da shi bayan ta rasa mutum kusan miliyan 6: jirgi ɗaya a wata uwa duniya, wasu 'yan tsiraru a ɓoye, sai tsofaffin zane-zanen da wuta ba ta ci ba.

Bielsko-Biala, garin masaƙa

Daga nan sai mu yi kudu, zuwa Bielsko-Biala, a gindin duwatsun Beskid, kusa da iyakar Cek da Sulobakiya. Garuruwa biyu ne da kogin Biala ya raba, aka haɗe su a 1951, mutanensa kimanin 170,000. Asalinsa garin masaƙa ne, da saƙar ulu ya yi suna, har yanzu matafiyi zai ga dogayen gine-ginen jan bulo na tsofaffin masaƙu, wasu an mai da su kantuna. Yaran Polan kuwa sun san shi da gidan shirya finafinan zane, shi ya sa za ki ga mutum-mutumin wani ɗan kare mai suna Reksio a tsakar gari, yara na hawa kansa.

A 1946, tun ba a gama kwashe ɓaraguzan yaƙi ba, aka kafa cibiyar nazarin jiragen shawagi a wannan gari, wadda daga 1948 aka san ta da haruffan SZD. Dalilin bai da wuyar fahimta. Ƙasa na bukatar matuƙa jirgi, babu kuɗin inji, babu mai, amma akwai kurmi, akwai kafintoci, akwai masaƙa. Da babu gara ba daɗi. Injiniyoyin suka sami wani jirgin koyo na kafin yaƙi mai suna Salamandra, wanda ya tsira a garin Goleszow, suka auna shi gaɓa-gaɓa, suka sake zana shi a takarda, suka ci gaba da ƙera shi. Haka suka farfaɗo da Komar na marigayi Kocjan. A 1947 kuma nasu na farko ya tashi, suka sa masa suna Sep, wato ungulu.

Sunayen kaɗai sun isa su sa ki murmushi. Akwai Mucha, ƙuda. Akwai Jastrzab, shaho, wanda aka yi don alkafura a sama. Akwai Jaskolka, tsattsewa, da Czapla, zalɓe. Akwai Kaczka, agwagwa, wanda aka sa wa ƙananan fukafukan wutsiya a gaba, da Nietoperz, jemage, na 1951, wanda kusan fiffike ne zalla. Waɗannan biyun guda ɗai-ɗai aka ƙera don gwaji, shi ya sa masu sha'awa ke ambatonsu kamar zinare.

Daga kurmi zuwa sama

To yaya ake ƙera shi? Daga zaɓen itace ake farawa. Akwai wani itace dogo miƙaƙƙe mai ganye kamar allura, wanda ya cika dazuzzukan Polan. Ba kowanne ake ɗauka ba, sai wanda ya girma a hankali, zarensa ya miƙe, babu ƙulli babu tsaga. A shanya shi ya bushe sarai, sannan a tsaga. Da shi ake yin azarar da ke ratsa fiffike daga tushe zuwa ƙarshe, ita ke ɗauke da nauyin jirgin baki ɗaya. A jikin azarar ake jera haƙarƙari, kowanne an haɗa shi da 'yan siraran sanduna da ba su kai kaurin fensir ba, a cikin wani ma'auni na katako, don kada wani ya saɓa wa ɗan'uwansa. Fiffike ɗaya na cin haƙarƙari gommai.

Gaban fiffiken da gangar jikin ana lulluɓe su da fallen katako na wani itace mai farin ɓawo, kaurinsa daga milimita 1 zuwa 3. Inda falle biyu za su haɗu, sai a fere bakin kowanne a karkace har ya yi sirantar takarda, a ɗora su a manne, in kika shafa ba za ki ji gaɓar ba. Gam ne ke riƙe da kusan komai. Abin mamaki, a farkon zamanin har zuwa 'yan shekarun bayan yaƙi, daga madara ake yin gam ɗin. A tsinke madarar da aka cire wa mai, a tace gudajin kamar za a yi awara, a busar, a niƙe, in za a yi aiki a dama da farar ƙasa da ruwa. Yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai ba ya shiri da laima.

Sauran fiffiken kuwa riga ake yi masa. A shimfiɗa farin yadin auduga mara nauyi, a ja shi daidai, a manne gefensa, a bi haƙarƙari da doguwar allura ana ɗinkewa ana ƙullewa, don kada iska ta ɗaga shi. Duk macen da ta taɓa ɗinka katifa za ta gane wannan aiki da gani ɗaya. Daga nan a shafa masa wani ruwan fenti sau da yawa, yana bushewa yana tsuke yadin, har ya ɗaure kamar fatar kalangu. Wanda ya yi ha'inci a gaɓa ɗaya, ran ɗan wani ya saka a haɗari, shi ya sa kowane mataki sai mai duba aiki ya gani ya sa hannu.

Shamuwar Polan

Jirgin da ya fi shiga zuciyar mutanen ƙasar shi ne Bocian, mai kujera biyu, ɗalibi a gaba malami a baya, wanda ya fara tashi a watan Maris 1952. Faɗin fukafukansa mita 18 ne. In yana sama da kilomita 1, zai iya zamewa kilomita 26 kafin ya taɓa ƙasa, ko da bai sami iskar da za ta ɗaga shi ba. An ƙera sama da 600. A 1966 Stanislaw Jozefczak ya hau iskar da ke toroƙo a bayan duwatsun Tatra da shi, ya wuce mita 12,000, wato tsayin da manyan jiragen fasinja ke bi, a cikin akwatin katako da ƙyalle.

Bocian sunan tsuntsu ne, 'yar'uwar shamuwarmu, sai dai ita fara ce mai baƙin fiffike, da jan baki da jan ƙafa. A ƙauyukan Polan za ki ga manyan sheƙunanta a kan rufin gidaje da turakun lantarki, ba mai taɓa ta, zuwanta alamar alheri ne a wurinsu, kamar yadda muke murna da ganin shamuwa in damina ta ƙarato. Cikin watan Agusta sai su tashi su yi kudu. Da yake su ma da iska mai ɗumi suke tafiya, ita kuwa ba ta tashi a kan teku, sai su kauce wa Bahar Rum, su bi ta mashigin Istanbul, su gangara ta ƙasar Sham, su shiga Masar, su bi kogin Nilu. Da yawansu a Sudan da Chadi suke cin rani. Saboda haka 'yan'uwanmu da ke can, watakila tsuntsuwar da suka gani tana kiwon fara a bayan gari, a kan rufin wani manomin Polan aka ƙyanƙyashe ta.

Kusa da Bielsko akwai dutsen Zar, mai tsayin mita 761, da wani tafki shuɗi a gindinsa. Tun shekarun 1930 ake koyar da shawagi a nan. Yanzu ƙoƙon dutsen an mai da shi matarar ruwa ta tashar lantarki, akwai ɗan jirgin ƙasa da igiya ke ja yana kai masu yawon buɗe ido sama, makarantar kuma tana gindi. Nan ne gidan Sebastian Kawa, likita, wanda ya ci gasar duniya fiye da kowa a tarihin wannan wasa. Ga abin da zai sa gaban uwa ya faɗi: a dokar Turai, yaro ɗan shekara 14 na iya tashi shi kaɗai in malaminsa ya gamsu, ya karɓi lasin a shekara 16. Kafin ranar kuwa ya sha tura jirgi, da jan igiya, da goge fukafukai, da riƙe wa wani bakin fiffike yana gudu, domin mutum ɗaya ba ya iya tayar da jirgin shawagi. Da yawan matuƙan manyan jiragen ƙasar ta nan suka fara.

Leszno da matan da suka yi fice

In muka bar duwatsu muka yi arewa maso yamma, za mu isa Leszno, gari a shimfiɗaɗɗen fili tsakanin Poznan da Wroclaw, gonaki iya ganinki, wurin da iska mai ɗumi ke tashi sosai da bazara. A nan aka yi gasar duniya ta 1958, Adam Witek ya ci rukuninsa da Mucha Standard. Daga nan ƙofa ta buɗe. Edward Makula ya ci ta 1963 a Ajantina da jirgin Zefir. Jan Wroblewski ya ci ta 1965 a Ingila da Foka mai fukafukai mita 15, a rukunin da ake shiga da jiragen da suka fi nasa girma. A 1966 aka fito da Pirat, wanda aka ƙera sama da 700.

Mata ba a bar su a baya ba. Pelagia Majewska ta kafa tarihin duniya sau 17, ta karɓi lambar Lilienthal ta 1960, ita ce mace ta biyu da ta samu. A Leszno aka yi gasar mata ta ƙasa da ƙasa ta farko a 1973, ita ta lashe. Ta rasu a 1988 a haɗarin wani jirgi mai inji a birnin Lisbon na Fotugal, kuma har yau lambar yabon da hukumar duniya ke bai wa mata matuƙa jirgin shawagi sunanta take ɗauke da shi. Adela Dankowska ita ma ta karɓi lambar Lilienthal ta 1975, daga baya ta zama 'yar majalisar dokokin ƙasar.

Jezow, asibitin tsofaffin jirage

Zamani riga ne. Jamusawa suka fara ƙera jirgin shawagi da zaren gilashi da ake haɗawa da wani irin ƙaro, ya fito sumul kamar tangaran, ya fi na katako gudu, ya fi shi nisan zango. A 1972 Bielsko ta fito da nata mai suna Jantar. Kafin ƙarshen shekarun 1970 wani sabo mai suna Puchacz, wato mujiya, ya fara karɓe aikin Bocian. Bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989 gwamnati ta janye hannunta, masana'antar ta durƙushe a ƙarshen shekarun 1990, wani kamfani mai zaman kansa ya ɗauki ragowar aikin. Tsofaffin jiragen katako kuwa da yawa aka jingine su a bayan rumfa, rufi na yoyo, gam na ruɓewa, ɓera na sheƙa a cikin fiffike.

Wanda ke son ganin inda ake ceto su sai ya je Jezow Sudecki, wani ƙauye a kudu maso yammacin ƙasar, dab da garin Jelenia Gora, yana fuskantar duwatsun Karkonosze. Kafin 1945 yankin na Jamus ne, sunan ƙauyen Grunau, kuma a samansa ne matuƙa suka fara gano iskar nan mai toroƙo a 1933. Da aka sake shata iyaka ya koma hannun Polan, tsohuwar masana'antarsa ta ci gaba da aiki, a nan aka ƙera mafi yawan Bocian. Ita ce yanzu ta shahara da gyaran na katako, har daga wasu ƙasashe ake kawo mata su a doguwar tirela.

Gyaran aikin haƙuri ne. A yaye tsohuwar riga, a bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Gwani kan ƙwanƙwasa katako ya saurara, domin ƙarar lafiyayye daban take da ta wanda gam ya saki. Yakan sa hanci a cikin fiffike ya shinshina, in ya ji warin rima ya san akwai magana. Inda ya ruɓe a yanke, a fere sabon falle a karkace a mayar, sannan a ɗinka sabuwar riga. Sau da yawa kuɗin aikin ya fi kuɗin jirgin. Abin da ya fi damun masu wannan sha'awa shi ne hannu: katako na nan a kurmi, zane na nan a takarda, amma waɗanda suka koyi sana'ar tun ana ƙera sababbi sun tsufa, kuma ferar falle da jin ƙarar gam ba a karanta su a littafi, sai an tsaya kusa da mai yi shekara da shekaru.

Krakow, inda suke hutawa

Zangonmu na ƙarshe shi ne Krakow, tsohon birnin sarakunan Polan, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga Bielsko. A wani tsohon filin jirgin sama da ke cikin birnin akwai gidan adana kayan tarihin jiragen sama, wanda ya samo asali a 1964. A nan mutum zai ga Wrona na Kocjan, wanda matuƙinsa ke zama a fili kan ɗan allo, iska na bugun fuskarsa. Ga Sep, ga Salamandra, ga Jemagen nan tilo, ga Zefir mai siririn jiki da matuƙi ke kishingiɗa a cikinsa. In kika tsaya ƙarƙashin fiffike haske na ratsa yadin, za ki iya ƙirga haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, har ki ga sawun allura.

Na gidan tarihi sun huta ke nan, ba za su sake tashi ba. Masu tashin suna hannun ƙananan ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane a Polan da Jamus da Ingila da wasu wurare. Akwai ma ƙungiyar masu riƙon tsofaffin jiragen shawagi da aka kafa a Ingila a 1973, wadda ke taro duk shekara, kowa ya jawo nasa a tirela, a haɗa fukafukai a kan ciyawa, a tashi. Jirgin da ya haura shekara 60 yana tashi lafiya in an kiyaye masa abu uku: a ajiye shi inda babu laima, a duba shi duk shekara, a gyara ƙaramar ɓarna tun ba ta girma ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an rufe tulun da kyau.

Saboda haka uwargida, ranar da kika ga ɗanki ko 'yarki sun saki aiken da kika yi musu sun ɗaga kai suna kallon shirwa, kafin ki yi faɗa ki tambaye su abin da ke riƙe da ita a sama ba ta kaɗa fiffike. In ba su sani ba, yanzu ke kin sani, sai ki gaya musu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.